Dabba Ta San Ƙoshinta

 

An ce in yi magana a kan abin da Kirista zai koya daga dabbobi game da sauƙin rayuwa. Da aka kawo mini batun sai da na kwana biyu ina juya shi a zuciya, domin na san inda zan tsaya in yi maganar. Nan Maamobi ne, a Accra. A cikin masu saurarona akwai wanda shi da matarsa da 'ya'ya biyar ɗaki ɗaya suke kwana, ruwan wanka sai sun saya, bayan gida ma sai sun biya sun bi layi. In na dubi mutum irin wannan na ce masa ya rage kayan duniya, me zai rage? Saboda haka tun daga farko ku sani ban zo yabon talauci ba. Talauci ciwo ne, Allah bai halicci kowa domin ya kwana da yunwa ba. Abin da na zo da shi ƙoshi ne, da yadda mutum yake rasa shi ko yana da abu ko ba shi da shi.

Shekarun baya, mahaifiyata, Allah ya ba ta hutawa, tana da wata akuya ja da take kiwo domin Kirsimeti. Kun san kiwon unguwarmu: da safe a sake ta, ta bi lunguna, da yamma ta dawo da kanta. Sai muka ga cikinta yana girma. Mama ta yi murna, ta ce akuya ta ɗauki ciki. Wata ya wuce, wani ya biyo, ciki yana nan tim, amma haƙarƙari ya fito ana iya ƙirga shi, gashinta ya tashi, in an zuba mata dusa sai ta sunsuna ta kau da kai. Ran da ta kasa tashi muka kira wani maƙwabcinmu mahauci. Ya yanka, ya feɗe, ya tsaga tumbin a gabanmu. Abin da ya fito ba zan manta da shi ba. Dunƙule ne na baƙar leda, da ledar ruwa, da guntun igiya, duk sun cuɗe sun taurare, girmansa ya kusa kan jariri. Mahaucin ko mamaki bai yi ba, ya ce da wuya mako ya wuce bai ga irinsa ba. Ya bayyana mana cewa ledar da aka ci waakye ko ƙosai a cikinta tana ɗauke da ƙamshin mai da gishiri, akuya ta ji ƙamshi ta haɗiye, ledar kuwa ba ta narkewa, ba ta fita. Wurin abinci ya cike. Yunwa ce take kashe akuyar Mama, alhali cikinta a cike yake.

Na daɗe ina tuna wannan akuya, domin a halittarta ba haka take ba. Akuya in ta sami ganye takan ci, in ta ƙoshi ta nemi inuwa ta kwanta tana tuƙa. Ba ka taɓa ganin akuyar da ta ƙoshi tana kallon kiwon 'yar'uwarta tana baƙin ciki ba. Mu ne muka ruɗe ta da abin da ke ƙamshin abinci ba abinci ba. Kuma abin da muka yi mata, shi muke yi wa kanmu.

Kada mu manta dabbobi sun riga mu zama a nan. A 1931 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami izinin zama a filin Nima daga gidan Odoi Kwao na Osu, domin shanunsa su huta su yi kiwo kafin a kai su kasuwa. Daga wannan makiyaya gari ya tashi, ya cika ya tumbatsa har ya haɗe da Maamobi. Kalmar zongo kuwa, da ake kiran unguwanni irin tamu da ita, kowa ya san daga zango ta fito, inda ayari yake sauka ya kwana. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, ta kasuwar Salaga, rayuwarsu ta rataya ne a kan sanin abin da jaki zai iya ɗauka. Madugu nagari ba ya barin a ɗora wa dabba fiye da ƙarfinta, domin in jaki ya faɗi a tsakiyar daji, kayan ma sun faɗi. Wasiƙar Bitrus ta fari tana ɗaukar masu bi a matsayin baƙi masu wucewa a duniya. In akwai Kiristocin da bai kamata a yi musu dogon bayani a kan wannan ba, mu ne, da sunan unguwarmu ma masauki yake nufi.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara samun cikakkensa da Hausa a 1932, cike yake da dabbobi masu koyarwa. A sura ta 12 ta littafinsa, Ayuba ya gaji da abokansa masu yawan sani, sai ya tura su su je su tambayi dabbobi da tsuntsaye da kifaye. Da Allah ya zo amsa wa Ayuba kansa a surori na 38 da 39, bai yi masa dogon tafsiri a kan dalilin wahalarsa ba. Zaki ya nuna masa, da hankaka, da awakin dutse, da jakin jeji, da jimina, da doki, da gaggafa, halittun da yawancinsu suke rayuwa ba da taimakon mutum ba, kuma ba domin mutum ba. Ishaya ya buɗe littafinsa da kwatanta jama'arsa da sa da jaki, ya ce dabbobin sun fi su sanin wanda yake ciyar da su. Irmiya kuwa, a sura ta 8, da shamuwa ya kunyata mutanensa, domin ita tana kiyaye lokacinta. Waɗanda suka taso a arewa, a Bawku ko Bolga ko can ƙasar Hausa, sun san abin da ake nufi. In shamuwa ta sauka a kan itacen gari, manomi yakan ɗauko fartanya, don ya san damina ta ƙaraso. Ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe, in ruwa ya ɗauke ta kama hanyar kudancin Afirka. Ba ta tafiya da ko tsinke ɗaya na sheƙar.

Amma wurin da nake so mu daɗe shi ne Bishara ta hannun Luka, sura ta 12. Yawancinmu mun fi sanin maganar tsuntsaye daga Huɗuba a kan Dutse, a Matiyu sura ta 6. Luka ya nuna mana abin da ya jawo maganar. Rigimar gado ce. Wani daga cikin taro ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Ba mu san irin wannan a Nima ba? Gida ɗaya, magada ashirin, ɗakuna tara, shekara goma ana zarya. Yesu ya ƙi zama alƙalin rabon, ya gargaɗe su a kan kwaɗayi, sannan ya ba da misalin wani mai arziki da gonarsa ta yi albarka, ya yanke shawarar rushe rumbunansa ya gina manya, ya tara na shekaru, ya miƙe ƙafa. A daren nan aka karɓi ransa. Bayan wannan ne Yesu ya juya ga almajiransa ya nuna musu hankaka, wanda ba shi da gona ba shi da rumbu, ga shi kuwa yana ci.

Ku lura da tsuntsun da ya zaɓa. A shari'ar Musa, a Littafin Firistoci sura ta 11, hankaka yana cikin tsuntsaye marasa tsarki, ba a cinsa, ba a miƙa shi hadaya. A wurinmu ma ba shi da wani farin jini, kirarinsa mai da ɗan wani naka. Shi ne muke gani da farin ƙirjinsa yana tsalle a kan bola bayan an tashi kasuwar Laraba. Da tattabara Yesu ya zaɓa, da mun ce ai kyakkyawa ce, dole a kula da ita. Ya zaɓi wanda ba a so, domin wanda ake yi wa kallon banza ya ji cewa shi ma yana cikin lissafi. Kuma wannan hankakan ne Allah ya aika ya riƙa kai wa annabi Iliya gurasa da nama safe da yamma a bakin rafin Kerit, a shekarun fari. Sau biyu a yini, daidai cin yini. Ba a taɓa kai masa na mako ba.

Na san wani matashi a nan zai ce, to malam, in haka ne sai mu kwanta mu jira. Ban taɓa ganin hankaka a kwance yana jira ba. Kafin ladan ya gama kiran asuba tsuntsaye sun fara motsi, kafin mai koko ta sauke tukunya sun fita. Tsuntsu yana aiki fiye da yawancinmu. Abin da ba ya yi shi ne kwana ido biyu yana lissafin baɗi. Hausawa suka ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, amma ba su ce abincin zai iske baki a kan gado ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da irin wannan koyarwa a kan tawakkali, da tsuntsu ake ba su misali, mai fita da safe ya dawo da yamma.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi. Littafin Karin Magana, a sura ta 6, yana tura rago wurin tururuwa ya koyi tanadi, domin ita tana tara abinci da kaka ba tare da wani shugaba ya tsaya a kanta ba. To wanne za mu bi, tsuntsun da ba ya tarawa ko tururuwar da ke tarawa? Na yi shekaru ina ganin kamar nassosin biyu suna karo, har ran da na tsuguna a bayan ɗakinmu na kalli tururuwa da kyau. Wata ta sami ƙwayar shinkafa da ta fi ta girma. Ba ta tsaya ta ci ba, ba ta ja ta gefe ta ɓoye ba. Ta kama hanyar rami, wasu biyu suka zo suka kama mata, suka shige da ita. Tururuwa ba ta da rumbun kanta, rumbun na gida ne gaba ɗaya, kuma tanadinta na tsallake lokacin rashi ne. Mai arzikin nan na Luka kuwa, in kuka karanta maganarsa da kanku, za ku ga babu kowa a cikinta sai shi: amfaninsa, rumbunsa, ransa. Babu mata, babu ɗa, babu ma'aikacin da ya yi masa girbi. Tarawa ba ita ce ta hallaka shi ba, kaɗaici ne. Saboda haka uwar da ke zuba adashi, ko take ba mai susu kuɗi kullum yamma domin kuɗin makarantar yara, tururuwa ce, Allah ya sa albarka. Haka ma mannar da aka ba Isra'ilawa a jeji: kowa ya ɗebi na yini, ran jajiberen Asabar a ɗebi na kwana biyu. Wanda ya ɓoye fiye da haka don rashin yarda, da safe ya tarar da tsutsa.

A sura ta 30 ta wannan littafi akwai wani mutum, Agur, da ba a cika wa'azi a kansa ba. Ya yaba wa ƙananan halittu huɗu saboda hikimarsu: tururuwa, da rema mai gida a cikin duwatsu, da fara mai tafiya a jere ba sarki, da ƙadangare da za ka iya kamawa da hannu amma yana shiga har fada. Babu mai ƙarfi a cikinsu, kowanne ya san iyakarsa ya zauna a cikinta. A surar nan kuma ya ambaci halitta ɗaya da ba ta san ƙoshi ba, matsattsaku, mai tsotson jini. Addu'ar Agur ita ce kada Allah ya ba shi talauci, kada kuma ya ba shi dukiya mai yawa, domin yana tsoron ƙoshi ya sa shi manta da Allah, yana tsoron rashi ya sa shi sata. Ku gaya mini, a duk tarurrukan kwanan addu'a da ake yi a Accra, a duk allunan da aka kafa a bakin titi masu hoton fasto da alkawarin buɗi, sau nawa kuka ji an yi rabin addu'ar nan na biyu? Ina faɗin wannan da ciwo a raina, domin 'yan'uwana ne. Wa'azin da ke koya wa mai sayar da ruwan leda cewa rashin mota alamar ƙarancin bangaskiya ne, ya karɓi ɗan jarinta da sunan shuka iri, wannan wa'azi leda ne mai ƙamshin abinci. Tana fita daga taron da ciki cike da alkawari, ta isa gida babu na cefane.

Yanzu bari mu shigo gida. Na ce ba zan ce wa talaka ya rage abin da ba shi da shi ba, kuma ina kan bakana. Mai gida yana neman kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa. A Disamban 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari. Waɗannan ba laifin mai haya ba ne, ba laifin mai cefane ba ne, kuma ikkilisiya tana da hakkin ta buɗe baki a kansu. Amma akwai kayan da mu da kanmu muke ɗora wa jakinmu. Biki ɗaya, yayi kala uku. Mace ta ci bashi ta waya domin ta ɗinka atamfar da za ta sa yini ɗaya, don kada a ce ba ta yi ba. Saurayi ya yi wata yana aikin gini, ya zuba kuɗin a cacar ƙwallo, yana jiran dare ɗaya ya mai da shi mai kuɗi. Tun muna yara aka ba mu tatsuniyar Gizo da hankaki suka ara masa gashi suka kai shi ɓauren tsakiyar ruwa, ya hana kowa ci, duk wanda aka taɓa ya ce nasa ne, har suka karɓe gashinsu suka bar shi a can. 'Yan'uwanmu Akan suna da Ananse, halinsu ɗaya. Kakanninmu sun san cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, suka saka shi a bakin tatsuniya don ya shiga kunnen yaro.

Wanda ya fi damuna shi ne jana'iza, kuma a nan da kaina zan fara. Da mahaifina ya rasu, gawarsa ta yi makonni a ɗakin sanyi muna tara kuɗi. Rumfuna, kujeru, makaɗa, riguna masu hotonsa, akwati mai tsada, abincin ɗaruruwan mutane. Ni ne babba, ni na sa hannu a bashin. Shekara biyu ina biya, kuma a cikin shekarun nan 'yata ta zauna a gida zango guda na karatu domin babu kuɗin makaranta. Mahaifina mutum ne da ya yi shekara talatin yana gadi domin mu yi karatu. Da an tambaye shi, ba zai taɓa yarda a sayi akwatinsa da karatun jikarsa ba. Na yi ne domin idon mutane, na kira shi girmama uba. A cikin makonnin da muke ta shiri, wani dattijo Musulmi a layinmu ya rasu da safe, kafin la'asar an sa shi a likkafani an kai shi makwancinsa. Ban ce mu bar al'adarmu ta taruwa mu yi ta'aziyya mu raira waƙar bege ba. Amma mu da muke shaida cewa Ubangijinmu an naɗe shi a likkafanin lilin an sa shi a kabarin aro, ya kamata mu ji kunyar barin marayu da bashi.

Ku je Kantamanto ku ga inda rashin ƙoshin duniya yake ƙarewa. Masu bincike a kasuwar sun ƙiyasta cewa tufafin gwanjo kusan miliyan 15 ne ke shigowa kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari ba sa sayuwa, bola suke tafiya, wasu su bi gota su faɗa teku. Da Twi ana kiransu obroni wawu, wato kayan Baturen da ya mutu, domin mutanenmu na farko sun kasa yarda cewa mai rai zai zubar da riga mai kyau haka. Masu su suna nan da ransu, sun gaji da su ne kawai. 'Yan matanmu na arewa, kayayei, su ne ke ɗaukar dilar da ta haura kilo 50 a ka, wuyansu da bayansu suna lalacewa. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye babban ɓangaren kasuwar, dubban 'yan kasuwa suka wayi gari ba jari. Duk lokacin da na ratsa wurin nakan tuna Faransis na Assisi, ɗan attajirin mai sayar da yadi a Italiya, wanda ya tuɓe tufafin gidan ubansa a gaban bishop ya mayar masa, ya zaɓi riga ɗaya da igiya a ƙugu. Masu ba da labarinsa sun ce yakan tsaya ya yi wa tsuntsaye magana kamar 'yan'uwansa. A 1219, ana tsakiyar yaƙi, ya tsallaka ya je wurin Sarkin Masar al-Kamil a Damietta, ba takobi ba guzuri, aka karɓe shi da mutunci. Mutumin da ba shi da abin karewa ba ya jin tsoron maƙwabcinsa. Shekara 800 cif bayan haka, ran Ista ta 2019, Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya shiga majami'ar Christ the King a nan Accra ya zauna tare da masu sujada. Mun gani da idonmu.

Ledar da ta kashe akuyar Mama ita ce kuma take toshe gotar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, ta gangara kogin Odaw. Ran 3 ga Yuni 2015 ruwan sama ya rasa hanya, ya cika gari, mutane suka fake a gidan mai kusa da shataletalen Circle, man fetur ya malala a kan ruwa, wuta ta kama. Fiye da mutum 150 suka rasu a dare ɗaya. Akwai laifin hukuma a ciki, akwai na masu gini a kan hanyar ruwa. Akwai kuma namu, mu da muke jira hadari ya haɗu mu juye shara a gota. Babu dabbar da take barin abin da ƙasa ba za ta iya ci ba. Masu share mana gari kyauta ma mun kore su. Dattawa za su tuna yadda ungulu take cika kasuwanni da mahauta a garin nan. Yau yaro zai girma a Nima bai ga guda ba. Guba, da sare dogayen itatuwa, da masu kama ta domin tsafi sun rage ta, har a 2015 aka sa irin tamu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Halittar da na fi so in bar muku tana nan kusa, tafiyar ƙafa ce. Jemagun Asibitin Sojoji na 37. Da rana suna rataye a itatuwan bakin titi, reshe har yana lanƙwasa, suna ta ƙara. Wajen ƙarfe shida na yamma sai su tashi, dubbai a kan dubbai, sararin sama ya yi duhu, mai jiran trotro ya ɗaga kai ko bai so ba. Mutanen gari suna ba da labari cewa wani sarki daga Kibi suka rako asibiti, ya rasu, su kuwa har yau suna jiransa. Masana sun ɗaura wa wasunsu na'ura suka bi tafiyarsu, suka gano suna nisa sosai cikin dare neman 'ya'yan itace, kuma suna iya kai iri har nisan kilomita 75 daga inda suka ci shi. Itacen odum da ake yi mana ƙofofi da kujerun coci da shi, jemage yana cikin manyan masu shuka shi. Shi ma, kamar hankaka, yana cikin jerin marasa tsarki a Littafin Firistoci, shi ne na ƙarshe a jerin. Ba shi da sheƙa, ba shi da rami, abin da ya mallaka a duniya reshen da ya kama da ƙafa ne, shi ma in damina ta kama sai ya bar shi ya yi arewa. Ya ci daidai cikinsa, abin da ya rage ya zama daji ga mutanen da ba su san shi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, tsuntsu ma yana mutuwa. Shirwa tana ɗaukar ɗan tsako, fari yana kashe shanu, yara suna harbin jemagen nan da danƙo. Yesu ya san haka. Da ya yi maganar gwarare, a kasuwa ya nuna su, inda ake sayar da biyar a kan 'yan kuɗi kaɗan domin talaka ya samu nama. Bai yi alkawarin cewa ba za su faɗi ba. Abin da ya tabbatar shi ne babu wadda take faɗuwa Uba bai sani ba. Kuma a surar nan ta Luka, da ya gama maganar hankaka, umarnin da ya biyo baya na bayarwa ne ga mabukata. Ta nan ne Allah yake ciyar da yawancin mutanensa, ta hannun wanda ya ƙoshi ya san ya ƙoshi. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, amma sai in kaza ta bar ruwa a kaskon. Gwauruwar da ke layin bayan cocin nan, abincin darenta yana cikin kuɗin atamfa ta uku da za mu ɗinka a Disamba.

Saboda haka ina da roƙo biyu, zan ajiye su a gaban dattawa da shugabannin zumuntar mata. Na farko, daga Kirsimetin bana, duk bikin da za a yi a cikin ikkilisiyar nan, yayi ɗaya ya isa, kuma wadda ba ta da hali ta zo da abin da take da shi, a zaunar da ita a gaba. Na biyu, mu zauna mu tsayar da iyakar kwanakin da gawar ɗan ikkilisiya za ta yi kafin a binne, da iyakar abin da za a kashe, mu rubuta, domin ɗan da aka bari da nauyi ya sami abin da zai nuna wa dangi in sun matsa masa. Da ina da irin wannan takarda a hannuna shekarun baya, da 'yata ba ta zauna a gida ba. Abin da aka rage daga biyun a zuba shi a asusu ɗaya na kuɗin haya da kuɗin makaranta, mata uku su riƙe littafin, a karanta shi a gaban jama'a kowane wata uku.

Baba shugaban taro, na ga iyayena mata sun fara magana a tsakaninsu tun da na ambaci yayi. Ina roƙo a fara ba su dama kafin maza.